Motar lantarki a hidimar yau da kullum: jif ko salun?

Motar lantarki ita ce wadda batir kaɗai ke tafiyar da ita, ba ta da tankin mai, ba ta da salansa. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu tunanin sayenta suka ƙaru a biranen Najeriya. Sai dai amfaninta ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya rataya ne a kan abu biyu: inda za ta sami caji da dare, da irin hanyar da za ta bi da rana.

Nisan da take ci

Ana auna batir da kilowat-awa, wato yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Yawancin motocin iyali suna ɗauke da yunit 50 zuwa 80. Salun, irin su Tesla Model 3 da BYD Seal, takan ci kimanin yunit 15 a kilomita 100, saboda ƙirarta mai tsaga iska. Jif, irin su Tesla Model Y da BYD Atto 3, takan fi haka ci saboda tsayi da faɗin gabanta. A aikace, caji ɗaya yakan kai kilomita 300 zuwa 450. Gudu mai yawa da kunna na'urar sanyaya mota suna rage wannan adadi.

Ga wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce kilomita 40 a rana, tsakanin gida da ofis da makarantar yara, caji ɗaya zai iya kai shi mako guda. Tafiyar Kano zuwa Kaduna, mai kimanin kilomita 230, za ta yiwu ba tare da tsayawa ba. Kano zuwa Abuja kuwa, da ta haura kilomita 400, tana bukatar shiri tun daga gida.

Caji

Hanyoyin caji uku ne. Soket ɗin gida yana ba da kilowat 2 zuwa 3, don haka cika batir mai yunit 60 yakan haura awa 20. Na'urar da ake kafawa a bango, mai kilowat 7, tana cika shi a dare guda. Tashar caji mai sauri kuma tana kai shi daga kashi 10 zuwa 80 cikin ɗari a kimanin rabin awa, amma irinta kaɗan ne a ƙasar nan, kuma galibi a Legas da Abuja suke. Hukumar NADDC ta buɗe tashar gwaji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021.

A nan ne lissafi yake. Mazaunin rukunin A, da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, yana biyan sama da naira 200 kan kowane yunit. Kilomita 100 a salun za ta ci masa kimanin naira 3,000 zuwa 3,500, alhali motar fetur mai girmanta na shan wajen lita 8. Wanda kuwa zai dogara da janareto, ribar ta tafi a kuɗin mai. Ƙaramar solar gida, mai ɗaukar fitilu da fanka, ita ma ba za ta wadatar ba.

Hanya da kaya

Batirin yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin motar, kuma shi ne mafi tsada a jikinta. Salun tana kusa da ƙasa, saboda haka ramuka da tudun rage gudu da ruwan damina sun fi yi mata barazana. Jif ta fi tashi, ta kuma fi ɗaukar kaya idan aka kwantar da kujerun baya. Mai bin kwalta mai kyau, salun ta fi masa sauƙi. Mai shiga lunguna da kasuwanni, jif ta fi dacewa da shi.

Gyara da kulawa

Babu juyen baƙin mai, babu canjin fulogi. Birki yana daɗewa, domin injin da kansa yana rage gudu yana mayar da wuta cikin batir, abin da ke amfani ƙwarai a cunkoso. Tayoyi kuwa sun fi saurin cinyewa saboda nauyi. Zafi yana tsufar da batir, don haka ana so a riƙa ajiye motar a inuwa. Kamfanoni da dama suna ba batir garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, amma mai sayen ta hannu da aka shigo da ita ya tabbatar ko garantin na aiki a nan, ya nemi a auna lafiyar batirin, ya kuma san bakaniken da ya ƙware a kanta kafin ya biya kuɗi.