Gwajin QI da muhawarar launin fata a kamfanonin fasaha na Amurka

QI, wanda masu Turancin Ingilishi ke kira IQ, maki ne da mutum ke samu a gwajin lissafi, kalmomi da warware matsala, an tsara shi yadda matsakaicin maki zai zama 100. Asalinsa daga Faransa ne. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka shirya gwajin farko a Paris, domin a gano ƴan makarantar da ke buƙatar ƙarin taimako. Binet da kansa bai yarda cewa basira abu ce tsayayya da ba ta ƙaruwa ba.

Da gwajin ya isa Amurka sai manufarsa ta sauya. Lewis Terman na jami'ar Stanford ya sake fasalinsa a 1916, aka kuma yi wa sojoji fiye da miliyan ɗaya da rabi irin wannan gwaji lokacin yaƙin duniya na ɗaya. A 1923 Carl Brigham ya dogara da sakamakon ya jera ƙabilu, baƙar fata a ƙasa. A 1930 ya janye matsayinsa, amma ra'ayin ya riga ya bazu.

Masana'antar fasaha ma ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. William Shockley, ɗaya daga waɗanda suka ƙirƙiro taransista, wanda ya kafa kamfaninsa a Mountain View a 1956, ya ƙare rayuwarsa yana yaɗa cewa baƙar fata sun gaji ƙarancin basira. Littafin The Bell Curve na 1994 ya sake hura wutar. Shi ya sa da Google ya bayyana a 2014 cewa kashi 2 cikin ɗari kaɗai na ma'aikatansa a Amurka ne baƙar fata, alhali sun kai kusan kashi 13 na al'ummar ƙasar, wasu suka koma ga tsohuwar hujja.

Tazara a matsakaicin maki tsakanin farare da baƙaƙen Amurka gaskiya ce. Gardamar a kan dalilinta take. James Flynn ya nuna cewa a ƙasashe masu masana'antu maki ya riƙa hawa da kusan 3 kowace shekara goma a ƙarni na 20. Jini ba ya sauyawa da irin wannan sauri, makaranta da abinci da lafiya su ne suka sauya. A 2006 shi da William Dickens suka gano cewa tazarar ta ragu da maki 4 zuwa 7 tsakanin 1972 da 2002. Alƙaluman da Richard Lynn ya ba ƙasashen Afirka kuwa sun sha suka, domin sau da yawa daga ƴan tsirarun mutane aka ɗauko su, wata ƙasar ma ƙiyasi aka yi mata daga makin maƙwabtanta.

Akwai kuma ƙofar ɗaukar aiki ita kanta. A wani bincike da aka wallafa a 2004, an aika takardun neman aiki iri ɗaya a Boston da Chicago, sunaye kawai aka sauya. Masu sunayen farare sun samu kira fiye da masu sunayen baƙaƙe da kashi 50 cikin ɗari. Tun 1971, a shari'ar Griggs da kamfanin Duke Power, kotun ƙolin Amurka ta hana ɗaukar ma'aikata da gwajin da ke tankaɗe baƙar fata, sai in an tabbatar yana da alaƙa da aikin da za a yi.