Daga Tamburan Tsibiri zuwa Situdiyon Kano

Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram tana ratsa Gidan Runji, ta bi ta Tsibiri da Maraɗi, ta wuce Cadawa da Agye da Gazawa kafin ta isa Tasawa. Duk wanda ya san waƙar Hausa ya san wannan yanki ba ya rasa makaɗa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: me ya sa ƙasar da ke da maroƙa da masu goge da zabiyoyi haka, sunayen da duniya ta sani daga cikinta ba su taka kara sun karya ba, kuma waɗanda aka sani ɗin a wani wuri suka yi suna? Amsar tana cikin tarihin iyayen gidan mawaƙa, domin makaɗin Hausa bai taɓa rayuwa ba tare da ubangida ba, kuma a nan ubangidan ya sauya sau da yawa.

Fadojin wannan yanki fadojin gudun hijira ne. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a yaƙin. Sarakunan Katsina na Haɓe su ma an riga an fitar da su daga birninsu, sai Ɗan Kasawa, ɗaya daga cikinsu, ya zo ya kafa zama a Maraɗi, cikin fadamar gulbi mai duhun itatuwa inda doki ba ya sakewa. Gobirawa sun yi ta fafutuka har 1836, lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya su a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda a fage ɗaya. Bayan wannan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, 'yar tafiya kaɗan daga Maraɗi, a cikin abin da yake gundumar Gidan Runji a yau. Gabas kuma, ƙasar Agye da Gazawa da Tasawa ta cika da Katsinawa manoma da 'ya'yan sarauta masu neman inda za su kafa nasu.

Sarkin da ya rasa birninsa yana buƙatar mawaƙi fiye da wanda ke zaune lafiya. Ganuwa ta tafi, kaburburan kakanni suna hannun abokan gaba, abin da ya rage na shaidar sarauta shi ne tambari, da kakaki, da bakin maroƙi mai iya jero sunayen sarakuna tun daga Bawa Jan Gwarzo zuwa sama. Shi ya sa fadar Tsibiri ta riƙe makaɗanta da hannu biyu. A daren Juma'a ana busa da kiɗa a ƙofar fada, ranar naɗi tambari ne ke tabbatar da sabon sarki, ranar yaƙi kuma kirari ne ke tura barde gaba. A ɗaya gefen, malaman jihadi sun yi rubutu mai yawa kan kiɗa, suna ware wanda ya halatta da wanda bai halatta ba, kuma goge da bori suna cikin abin da suka fi tsananta wa. Ba a daina su a daular Sakkwato ba, amma sun koma gefe. A Tsibiri da Maraɗi kuwa suna tsakiyar fada: Inna a Gobir, Iya a Maraɗi, mace ce daga gidan sarauta, ita ke shugabantar 'yan bori, kuma masu goge da garaya suna ƙarƙashin inuwarta.

Wannan ne ya jawo masu bincike daga Turai a ƙarni na ashirin. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta fitar da littafi kan borin Maraɗi a 1972, Veit Erlmann ya rubuta kan kiɗansa a 1982. Sun tarar da abin da ya yi ƙaranci a wasu wurare: kowane iska da takensa, kuma mai goge ya san su ɗaya bayan ɗaya.

Gogen kansa abin a tsaya a duba ne. Ƙwarya ce ake yankewa a rufe bakinta da fatar guza, a soke sanda ta ratsa ta, a ɗaura tsarkiya ta izgar doki, a ɗora ta kan ɗan jaki. Bakan ma izga ce. Kafin a fara, mai gogen zai shafa ƙaro a izgar don ta kama, in sanyin asuba ya saki fatar sai ya kanga ta kusa da wuta har ta ɗaure. Tsarkiya ɗaya tak, amma a hannun gwani tana furta sunan mutum da na ubansa, wanda ake nufi ya ji ya miƙe daga inda yake zaune. Wanda ya haɗa wannan kaya shi ma mai fasaha ne, sai dai ba a taɓa kiran sunansa a fili. Haka dukawa. Jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai saboda laushi da ƙarfi, ita ce ta ciyar da majema da masu ɗinkin jaka da takalmi da kube da kayan doki, har gwamnati ta buɗe cibiyar kiwonta a Maraɗi a farkon shekarun 1960. Baduku yana zana fata da rini ja da baƙi, ya yi cin wuya da siririn kore, babu takarda babu awo, zanen yana cikin kansa kamar yadda ya gada.

Turawa sun zo suka ja layi. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 sun bar Tsibiri da Maraɗi a hannun Faransa, Sabon Birni da Isa da Katsina a hannun Ingila. Gobir ta rabu biyu, amma waƙa ba ta rabu ba. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, wanda da yawa ke ɗauka babu kamarsa a waƙar fada, makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, wato sarkin da ya fito daga zuriyar Shehu Usmanu. Sarautar Gobir ta shiga gidan waɗanda suka ci Gobir, kuma da Hausar yankin aka yi mata waƙoƙin da suka fi kowanne daɗewa. Da rediyon Kaduna ya fara watsa muryarsa da ta Ɗanƙwairo da ta Shata, ƙauyukan Gidan Runji da Agye sun saurara kamar nasu, don nasu ne. Sai dai a nan aka fara samun rata. Makaɗin da ke kudancin layi yana da rediyo mai ƙarfi da kamfanonin faifai da miliyoyin masu saye. Takwaransa na arewa yana da fada da kasuwar mako.

A halin nan gyaɗa ta kawo sabon ubangida. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maraɗi aka koma kan tudu, fatauci ya bunƙasa, aka samu Alhazan Maraɗi da Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu a 1986. Manomin Agye da Gazawa ya sayar da gyaɗa da kaka ya yi aure, mai kalangu ya samu biki. Alhaji ya dawo daga Makka, maroƙi ya samu riga da kuɗin mota. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, bukukuwan ƙauye suka yi sanyi.

Sai gwamnati ta karɓa. Janar Seyni Kunce, da ya hau mulki a 1974, ya farfaɗo da samariya, kowane gari da ƙungiyarsa, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jaha, har bikin matasa na ƙasa. A 1975 aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, kuma ɗan jahar Maraɗi, Yakuba Ango Kantu, shi ya fara lashe ta. Filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Kokawa ba ta yiwuwa sai da kiɗa da kirari, don haka makaɗan maza suka samu fage da rediyo da talabijin. Daga baya aka kafa gasar waƙa ta Ɗan Gurmu a Tawa, aka buɗe cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, inda Mahaman Garba, wanda ya yi digirinsa na dakta kan kiɗan Hausawan Nijar, ya yi aikin tattara kayan kiɗa. Zamanin samariya yana da aibinsa, domin yawancin waƙoƙin na yabon mulki ne da faɗakarwa. Duk da haka ina ganin shi ne lokaci ɗaya da yarinyar ƙauye mai murya, wadda ba 'yar gidan roƙo ba, za ta iya tashi daga Gangara ko Cadakori a ji ta a faɗin ƙasa. Da samariya ta mutu a farkon shekarun 1990, ba a maye gurbin wannan tsani da komai ba.

A daidai lokacin wa'azi ya ƙara ƙarfi. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta samu karɓuwa sosai a Maraɗi, tana kira a rage almubazzaranci a biki da suna, a bar bori. Mutane da yawa sun ji sauƙi a aljihunsu, wannan gaskiya ne. Makaɗa da yawa kuma sun rataye kayansu, 'ya'yansu suka kama wata sana'a. Rikicin ya fito fili a Nuwamban 2000, lokacin da Alphadi, mai zanen tufafin da ya fara bikin nuna tufafi na FIMA a hamadar Agadas a 1998, ya kawo bikin kusa da Yamai. Zanga-zangar ƙin bikin ta fi muni a Maraɗi, inda ba a ma yi shi ba: aka afka wa mashaya da coci da gidajen mata masu zaman kansu, har gidan Iya bai tsira ba. Ana iya saɓani kan tufafin da aka nuna a Yamai, amma gidan Iya ya girmi bikin da shekaru sama da ɗari, kuma waɗanda abin ya shafa talakawa ne.

Ubangida na yau kasuwa ce, kuma kasuwar tana Kano. Tun da finafinan Hausa suka kankama a shekarun 1990, aka koma waƙar fiyano a situdiyo, mai murya daga jahar Maraɗi ya san hanyarsa: Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano. Binta Labaran, wadda aka fi sani da Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi ce, a Kano ta yi suna har ake ce mata Gimbiyar Mawaƙa, kuma ta riƙe sunan ƙasarta a jikin nata. Wasu samarin sun nufi Yamai suna gambarar zamani da Hausa da Zabarmanci. Telan Agye yana duba sabon ɗinki a waya ya kwaikwaya, mai waƙar biki a Gazawa yana tura muryarsa ta WhatsApp, a kasuwa ana loda waƙoƙi a katin waya da kuɗi kaɗan, wanda ya rera ba ya ganin ko dala.

Hanyar ma ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai. Tun 2019 kuma dubban mutane daga Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu suka tsere wa 'yan bindiga suka shigo gundumar Gidan Runji, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Inda ake tsoron dare ba a kiɗan dare, kuma bikin da a da ake kwana uku ana yi yanzu ana gama shi kafin magariba. Tsofaffin da suka san taken kowane sarki da kowane iska suna ƙarewa, mafi yawansu ba a ɗauki muryarsu ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi, gidajen rediyo masu zaman kansu suna nan, kowane ɗalibi yana da wayar da za ta iya naɗar sauti, kuma daga jami'ar zuwa ƙofar fadar Tsibiri tafiyar ƙasa da rabin awa ce a babur.