Ciwon suga tun daga cikin uwa: tarihin Pima da yunwar Holan

Da aka ce wa ƙanwata tana da sugan masu juna biyu a wajen awo, sai dangi suka ce ai da ta haihu shi ke nan. Gaskiya ne yawanci yana tafiya bayan haihuwa. Amma tarihi ya nuna yana iya barin tabo a jikin jaririn, shi ya sa na ce bari mu ɗan tattauna.

Akwai wata ƙabila a jihar Arizona ta Amurka, Pima, mazauna bakin kogin Gila. Manoma ne, har Turawa 'yan ci-rani suka karkatar musu da ruwan kogin a ƙarshen ƙarni na 19. Noma ya mutu, suka koma dogaro da fulawa da suga da kitse na tallafin gwamnati, ciwon suga ya yi musu katutu. Daga 1965 likitoci suka fara bibiyar lafiyarsu. A 2000 aka kwatanta 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya: waɗanda aka haifa bayan uwar ta kamu da suga sun fi yayyensu kamuwa da shi. Da aka duba ta wajen uba, ba a ga irin wannan bambanci ba. Ke nan ba gado kaɗai ba ne, zaman cikin mahaifa ma yana da nasa tasiri.

Yaya hakan ke faruwa? Sugan uwa yana ratsa mabiyiya zuwa ga ɗa, amma insulin ɗinta ba ya ratsawa. Dole jikin jaririn ya yi ta samar da nasa, shi ya sa ake haifo shi ƙato.

Sai labarin Holan. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar, kimanin mutum 20,000 suka mutu. Jariran da ke ciki a lokacin, da suka manyanta, an samu jikinsu ba ya sarrafa suga yadda ya kamata. A 2008 aka gano cewa, bayan shekara 60, alamomin da ke kunnawa ko kashe ƙwayar halitta ta IGF2 a jikinsu sun bambanta da na 'yan'uwansu. Rubutun DNA bai canza ba, yadda jiki ke karanta shi ne ya canza. Wannan ake kira epigenetics.

Abin lura, yunwa da yawan suga duk suna iya kai jariri ga matsala iri ɗaya. Mu kuwa muna fama da biyun: tsadar abinci a gida, lemon kwalba a biki.

Don Allah maigida, ka raka iyali awo, a nemi gwajin suga tsakanin mako na 24 da na 28. Ƙanwata ta gyara cin abinci, tana ɗan tattaki kullum, tana bin maganar likita. Ku sa ta a addu'a, Allah Ya sauke ta lafiya.