Kowace Jarida da Mutanenta

Ku 'yan makaranta, in kun ɗauki jarida kuna karantawa, ko kun kasa kunne ga rediyo, ya kamata ku riƙa tambayar kanku, shin wannan magana domin wa aka shirya ta? Gama ba a taɓa yin wata hanyar ba da labari wadda ta game kowa da kowa ba. Kowace da mutanenta, kamar yadda kowace rumfa a kasuwa ta ke da masu cinikinta. Bari mu bi tarihin ƙasarmu mu gani.

A zamanin da, tun Turawa ba su zo ba, labari ya kan bi hanya huɗu a ƙasar Hausa. In sarki zai yi magana da ɗan'uwansa sarki, sai malamin fada ya rubuta wasiƙa da Larabci, a buga hatimi, manzo ya hau doki ya kai. Wannan ta manya ce. In kuwa da talakawa za a yi magana, sai sankira ya fita kasuwa ya yi shela. Labarin nesa, irin na Gwanja ko na Tarabulus, wannan a bakin fatake a ke jinsa a zango. Ta huɗu ita ce waƙa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kan tsara waƙoƙin ilimi, sa'an nan matan da a ke kira jaji su hardace su, su kai wa matan ƙauyuka. Kun ga tun a lokacin nan an san wanda za a aika wa takarda, an kuma san wanda sai da baki za a same shi.

Jarida ta fara shigowa ta Kudu. A 1859 wani Baturen Mishan, Henry Townsend, ya fara buga Iwe Irohin da Yarabanci a Abeokuta, ana sayar da ita wuri 120. Nufinsa Yarabawan da suka koyi karatu su sami abin karantawa, su saba. Daga baya Ikko ta cika da jaridun Ingilishi, kamar Daily Times ta 1926, da West African Pilot wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937, mai kiran mutane su nemi mulkin kansu. Masu karanta waɗannan akawuna ne, da lauyoyi, da malaman makaranta. Manomin Kazaure bai san ana yi ba.

A nan Arewa abin ya fi wuya, don masu karatu sun kasu uku. Saboda haka jaridar da Gwamnati ta fitar a 1932, watau Jaridar Nijeriya ta Arewa, da harshe uku aka buga ta: Ingilishi domin Turawan mulki, Larabci domin malamai da alƙalai, Hausar boko domin waɗanda suka fito makaranta.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Dokta East na shugabancin aikin, Malam Abubakar Imam na edita. Kuɗinta kwabo ɗaya, harshenta kuwa Hausa tsantsa. Cikin shekaran nan Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, mutane suka ƙagu su ji abin da a ke ciki. Wanda ya iya boko ya kan zauna a zaure ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare. Amma fa akwai dubban malamai da almajirai waɗanda ajami kaɗai suka iya. Don kada a bar su baya, a 1941 aka riƙa haɗa ta da wata 'yar takarda ta ajami, aka sa mata suna 'Yar Gaskiya. A 1948 kuma aka yi mata ƙanwa da Ingilishi, Nigerian Citizen, domin waɗanda ba su jin Hausa. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci bayan 1950, sai larduna suka sami nasu ƙananan jaridu, kamar Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Albishir a Barno, don sabon ɗalibi ya ga labarin garinsu cikin sauƙin magana.

Duk da haka, jarida tana da shinge uku: harshe, da iya karatu, da kuɗin saye. Rediyo ne ya tsallake na biyu. A 1944 aka kawo akwatin rediyo mai waya Kano. BBC ta Ingila ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya fara a 1962, Jamus ta biyo a 1963, Amurka a 1979, Faransa a 2007. Da ƙaramin akwati mai batir ya yi araha, sai ga makiyayi a daji, da mace a cikin kulle, da Bahaushen zangon Kumasi, da na Damagaram, duk suna jin labari ɗaya a sa'a ɗaya. To, amma ku tuna, waɗannan ƙasashe ba su kashe dukiyarsu a kan harshenmu a banza ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

Yanzu ga wayar hannu ta zo, da Facebook da WhatsApp, kowa ya zama sankiran kansa. Alherin abin shi ne talaka ya sami baki. Illarsa kuwa ita ce babu edita mai tace magana, ƙarya ta kan game gari kafin gaskiya ta fito ƙofar gida, har a yi hasarar rayuka a kan jita-jita.

To, samari da 'yan mata, ku ne idon waɗanda ba su yi makaranta ba, abin da kuka kai gida shi za a ɗauka. Saboda haka duk labarin da ya zo muku, ku auna shi da tambaya uku: wa ya faɗa, da wa ya ke magana, wa kuma ya biya kuɗin faɗar? Kada ku tsaya ga baki ɗaya, ku gwada na wannan da na wancan. In kuma za ku ba iyayenku labari, ku gaya musu inda kuka samo shi, don su ma su auna da kansu.