Biyan manoma don su rage noma: dokar Amurka ta 1933 da manoman auduga

A wannan takarda muna duba dokar daidaita noma da shugaba Roosevelt ya sa wa hannu ran 12 ga Mayu 1933. Kuɗin laba ɗaya ta auduga, da ya kusa santi 17 a 1929, ya faɗi ƙasa da santi 7 a 1932. Gwamnati ta ga abin da ake nomawa ya fi ƙarfin kasuwa, sai ta ƙudurta biyan manomi ya rage gonarsa, da kuɗin harajin da ta aza wa masana'antun sarrafa amfanin gona.

Dokar ta tarar an riga an yi shuka. Saboda haka aka kife kimanin eka miliyan 10 na auduga da garma, aka yanka aladu wajen miliyan 6, alhali marasa aiki suna layin abinci a birane.

Farashi ya tashi, amma a ganinmu babbar tambaya ita ce hannun wa kuɗin suka shiga. A jihohin kudu mai gona ne ke karɓa. Masu noma masa a raba amfani, baƙaƙe da farare, da yawansu ba su ga rabonsu ba. Wasu ma korarsu aka yi, tunda gonar da aka bari ba ta bukatar hannu. Wannan ya sa suka kafa ƙungiyarsu a Arkansas a 1934.

A Janairu 1936 Kotun Ƙoli ta soke harajin. Majalisa ta sake dokar a 1938, aka ci gaba da biya daga baitulmali.