Rikicin Jiragen Siminti a Tashar Ikko, 1975

A cinikin kaya masu nauyi ta teku, irin su siminti da alkama da ƙarfe da ɗanyen man fetur, mai jirgi ba fili kawai yake sayar wa ɗan kasuwa ba, lokaci ma yana cikin abin da yake sayarwa. Ko jirgi yana tafiya ko yana tsaye, matuƙansa suna cin albashi, kuɗin inshora yana hawa, injuna suna shan mai. Saboda haka a kowace yarjejeniyar haya akan rubuta kwanakin da aka ba mai kaya ya sauke kayansa. In kwanakin suka cika bai sauke ba, sai ya riƙa biyan kuɗin jinkiri kullum har ran da jirgin ya tashi. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, duk ƙaramin akawun kamfanin jirage ya san ta. Rashin kula da ita ya jawo wa Nijeriya hasarar da aka daɗe ana ba da labarinta a kotunan duniya.

Tushen al'amarin arzikin mai ne. Daga Oktoban 1973 zuwa farkon 1974 farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Kuɗi ya shigo wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon fiye da yadda aka yi tsammani, aka tsara shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, cike da hanyoyi da gadoji da makarantu. Ga kuma sojan da suka kai wajen 250,000 bayan yaƙin basasa, yawancinsu ba su da bariki. Masana'antun siminti na gida, irin na Nkalagu da Ewekoro da Sakkwato, ba su isa su biya wannan bukata ba. Sayen siminti daga waje dai ba laifi ba ne. Laifin yana wajen lissafi.

Bisa ga abin da ya bayyana a gaban wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka a 1981, Nijeriya ta ƙulla kwangila 109 da kamfanoni 68, na siminti fiye da tan miliyan 16, a kan kuɗi kusan dala biliyan 1. Ma'aikatar Tsaro ce ta ba da mafi yawansu. A lokacin kuwa tashar Ikko ba ta iya sauke siminti fiye da wajen tan miliyan 1 a shekara. Wato kayan da aka ce a kawo cikin shekara guda, tashar tana bukatar shekara 16 kafin ta sauke su, ko da ba a taɓa kayan kowa ba. An ce masu ba da kwangilar sun ɗauka cewa yawancin kamfanonin ba za su cika alkawari ba, shi ya sa suka yi oda fiye da kima. Amma a daidai wannan lokaci kasuwannin Turai sun yi sanyi, masana'antu na neman mai saye, jirage da yawa na zaune babu haya. Sai kowa ya cika alkawari.

Zuwa watan Yulin 1975 jirage fiye da 400 ne suka yi cirko-cirko a teku a gaban Ikko suna jiran wurin tsayawa, 260 daga cikinsu ɗauke da siminti. A cikin kwangilolin an rubuta kuɗin jinkiri har dala 3,500 a kowace rana ga kowane jirgi, kuma Babban Bankin Nijeriya ya ba da takardun lamuni waɗanda ba a janyewa. In aka ninka wannan kuɗi da jirage 260, abin ya kusa dala miliyan 1 duk wayewar gari. Nan fa masu wayo suka ga banza ta faɗi. Aka riƙa tono tsofaffin jiragen da suka kusa zuwa hannun 'yan gwangwan, a loda musu siminti a turo, domin zaman jira ya fi tafiya riba. Siminti kuwa ba ya shiri da laima. Wata da watanni a cikin damshin teku ya sa wani ya daskare a cikin jirgi ya zama dutse. Sauran kaya ma, abinci da magunguna da injunan masaƙu da hajar 'yan kasuwar Kano da Kaduna, duk suka maƙale a layi ɗaya, tsada ta bazu har cikin ƙauyuka.

Ranar 29 ga Yuli 1975 aka yi juyin mulki, Birgediya Murtala Muhammad ya hau. A watan Agusta Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta ba da sanarwa cewa duk jirgin da zai zo sai an ba da labarinsa wata biyu kafin ya taso, daga bisani Babban Banki ya umarci bankunan waje su dakatar da biya sai da izini. Aka naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Belgore. Kamfanoni da yawa suka yarda aka sasanta, waɗansu kuwa suka garzaya kotu.

A nan ne labarin ya shiga littattafan shari'a. Lauyoyin Nijeriya suka kafa hujja da tsohuwar ƙa'idar nan cewa ba a gurfanar da ƙasa mai mulkin kanta a kotun wata ƙasa. Kamfanin Trendtex na Suwizalan, wanda ke da hannu a kwangilar tan 240,000, ya kai ƙarar Babban Banki a Landan. A 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, wadda Lord Denning ke shugabanta, ta ƙi karɓar hujjar. Ra'ayin da ya rinjaya shi ne gwamnatin da ta shiga kasuwa ta sayi kaya, ɗan kasuwa ce a idon shari'a, ko da simintin na ginin barikin soja ne. Shekara guda bayan haka Majalisar Ingila ta mai da wannan ra'ayi doka. A Amurka ma kotu ta bi wannan hanya a 1981, har ƙarar kamfanin Verlinden na Holan ta kai Kotun Ƙoli a 1983.

A gida kuwa sai aka koma wa abin da ya kamata a fara da shi. A 1976 kamfanin Julius Berger ya soma gina sabuwar tasha a tsibirin Tin Can, kusa da Apapa, aka buɗe ta a Oktoban 1977, shekara biyu bayan jiragen sun cika teku.