Tsohuwar Ƙwaƙwalwar Kwamfuta da Sabuwa

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan falle kamar farcen yatsa, shi ne ƙwaƙwalwarta. A shekarar 1971 kamfanin Intel na Amurka ya fito da nasa na farko, ana ce da shi 4004. Yana da 'yan makunnan lantarki 2,300, yana bugawa sau 740,000 a daƙiƙa, kowane bugu kuwa taki ɗaya ne na aiki. A 1993 sai ga Pentium, makunnansa 3,100,000, bugunsa miliyan 60. Dalili, makunnan sun ƙanƙance, tafiyar lantarki ta gajarta.

Amma duk da saurin nan, a 1994 aka gane Pentium yakan yi kuskure wajen raba waɗansu lambobi. Tilas kamfanin ya musanya wa mutane, ya yi hasarar dala miliyan 475.